Baƙin Kumatuna da Malfar Maigida

Lokacin kaka ne, na shekarar da yaƙin basasa ya ƙare. Damina ta yi kyau, gyaɗa ta yi albarka, duk inda ka juya a Kontagora fuskokin mutane a sake suke. Ni kuwa murnata biyu ce. Na haifi 'yata ta uku lafiya, ga shi kuma malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce mun iya karatu, za a ba mu takardar shaida, har za a kawo mai hoto ya ɗauke mu ɗaya bayan ɗaya.

Hoto! Ban taɓa tsayawa gaban abin ba. Tun ina kan tabarmar aji na san inda nawa zai tafi: Bangi, wurin Inna. Shekara biyu rabona da ita, ciwon ƙafa ya hana ta hawa mota, ko haihuwar nan ba ta zo ba. Duk wanda ya fito daga can tambaya ɗaya take aiko shi da ita, wai ana riƙe ni da kyau kuwa?

Sai dai ga kumatuna. Tun cikin yana wata biyar wani baƙi ya fito mini a kumatu biyun da kan hanci, kamar na goga gindin tukunya. Na gama wankan jego bai tafi ba. Na san halin Inna. Tana ganinsa za ta ce wahala ce ta ƙone mini fuska, shi ke nan hankalinta ya tashi.

Saura sati uku. Matan aji suka sa ni a tsakiya, kowa da maganinta.

"Lemon tsami da 'yar kanwa, Yaya," in ji wata mai ƙosai da muke zama kusa. "Ki goga da sassafe, kada ki wanke. Kwana uku kin koma amarya."

Na kuwa goga da ƙarfina. Lokacin tsinkar gyaɗa ne, da tsamin a fuska nake fita gona in wuni cikin rana. Yana yi mini raɗaɗi, ina murna wai aiki yake yi. A rana ta huɗu na ɗauko madubi, na tarar baƙin ya ninka, har da shatin yatsuna uku a goshi, inda da babu komai.

Muna da maƙwabciya tsohuwa, mutumiyar Dukku, Iya muke ce mata. Fuskarta cike take da zane irin nasu. Ran Lahadi ta dawo daga coci ta leƙo ganin jaririya, sai ta kama haɓata ta juya ni wajen haske. Dariya ta yi ta yi har da dafa bango.

"Mu sai an danne mu an tsaga da aska muna kuka, ke kin samu naki a zaune kina ɓata rai!"

"Iya, hoto fa za a ɗauke ni."

"To wa ya ce ki shafa tsami ki kai wa rana? Kifi kike gasawa?"

Ta ce in bar lemon nan gaba ɗaya. Da la'asar in shafa kindirmo da zuma, in ya ɗan sha iska in wanke da ruwan randa, in bi da man kaɗe kaɗan. "Babban maganin kuwa, kada rana ta ƙara ganin fuskar nan." Ta nuna malfar maigidana da ke rataye a ƙusa.

"Iya, ai ta maza ce."

"Ranar ta san ta maza ce?"

Haka na fara fita da goyo a baya da malfa a ka. Maigida ya tsaya yana kallona, ya ce, "Barka da fitowa, Sarkin Noma. Ni kuma in ɗaura ɗankwalin ko?" Amma ya bar mini ita. Wata Bafulatana daga ƙauyen Bobi mai kawo mini kindirmo ta ce in nemi sanda kawai in bi su kiwo. Ni dai kwanaki nake lissafawa. Kowace safiya sai na ruga wurin madubi. Shatin yatsun ya fara dushewa, na kira Iya ta katanga in nuna mata, ina tsalle kamar yarinya.

Ranar hoto kumatun sun yi sauƙi, amma baƙin bai tafi duka ba. Na sa kwalli, na ɗaura sabon zani, na zauna a kujera da takardata a hannu. Mai hoton ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle ya ce kada in motsa. Ko numfashi ban yi ba.

Da ya tsamo takardar farko daga bokitin ruwa na leƙa, sai na ga wata mata da farar fuska, baƙaƙen haƙora, kumatunta fari tas kamar an yayyafa gari. Na yi salati.

"Malam, wannan ce ni?"

"Hajiya, a juye yake fitowa da farko. Ki ba ni lokaci."

Matan aji suka kwashe da dariya, mai ƙosan tana cewa, "Ban gaya miki za ki yi fari ba?"

Na biyun ya fito daidai. Ga ni nan, kumatu cike, ido tar, takarda a hannu. Baƙin yana nan kamar 'yar inuwa, duk wanda ya duba da kyau zai gan shi. Na daɗe ina kallo, sai na tuna ai yanzu ba sai na bar hoto ya yi magana shi kaɗai ba.

Washegari da safe na fere fensirina, na kifa hoton a kan faifai, na rubuta a bayansa a hankali, baƙi bayan baƙi: "Inna, lafiyata ƙalau. Baƙin kumatu na haihuwa ne, yana tafiya. Ni na rubuta wannan da hannuna." Na naɗe shi a tsumma mai tsabta, na goya yarinya, na sa malfar, na kai wa direban motar Bangi kafin ya tashi.