Gemun Auduga

Har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙen ƙaro sai in shafa haɓata. Da shi kawuna ya manna mini gemun auduga a shekarar da na shiga sakandare a Kankiya, inda yake koyar da Faransanci.

Kawu ya yi karatu a Maraɗi. Can ya san labarin wani Bafaranshe na zamanin da babu mota, wanda ya ƙare rayuwarsa yana rubuta wasannin kwaikwayo, yana kuma tsara baitoci wasu su ɗora musu kiɗa. Kawu yakan ce in wasa ya yi kyau makaɗin ake tafa wa, in ya ɓaci a zagi marubucin. Ya juya wani wasan mutumin zuwa Hausa, labarin tsohon da ya yi kurumtar ƙarya don ya ji abin da iyalinsa ke faɗi a kansa. Ni ya sa in fito a tsohon.

To, ka san ni tsoho ɗaya na sani mai nauyin ji, kakana na Mawashi. Ban san sanda na ɗauko shi duka ba: yadda yake tallafe kunne da hannu, da yadda yake cewa, "Iye? Mi ka ce?" A wurin gwaji yara suka yi ta birgima don dariya.

Bayan an yanke gero aka sa ranar wasa. Sai ga saƙo daga gida cewa kakana zai zo. Mutum ne da ko babana ba ya ɗaga ido a gabansa. Na roƙi kawu ya sauya ni, ya ce lokaci ya ƙure, amma na ga shi ma goshinsa na zufa.

Ran wasa da la'asar kakan ya zauna a benci na gaba, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Na fito gemun na zamewa. Da na ce "Iye?" fili ya ɗauki dariya. Shi ko gezau.

A motar Kusada da muka shiga mu uku da kawu don komawa gida, ina ta lissafin bulala. Sai da muka sauka ya riƙo kafaɗata.

"Kunnen hagu ne ya mutu. Kai na dama ka riƙa tallafewa."

Ya juya wajen kawu. "Shi wannan Bature, ina ya san ni?"

Duk su biyun sun rasu. Sunan Bafaranshen ya ɓace mini, ba kuma wanda zan tambaya. Yanzu 'ya'yana a waya suke kallon wasa, kowa a lungunsa, kuma ban san wa suke jin nauyi in sun yi dariya ba.