Saƙon da Vernon Ya Goge Sau Biyu

Shekara talatin Vernon Hostetler yana raba wasiƙu a garinmu da ke jihar Ohio ta Amurka, bai taɓa yarda da ambulan ba sai ya duba hatiminta. Da ya yi ritaya ya sayi kwamfuta, sai abin ya ci tura. Kowane gargaɗi ya shigo ta imel sai ya buga a takarda, ya kawo mana shagon kofi: gwamnati na sauraren waya, masu ƙidaya 'yan leƙen asiri ne. Ni Lyle, maƙwabcinsa, na sha wannan karatu har na ƙoshi.

'Yarsa ɗaya ce, Rhonda. Sun yi cacar baki kan zaɓe a teburin cin talotalo ranar bikin godiya na shekara, ta koma can jihar Oregon, shekara shida ba gaisuwa. Kullum sai ya buɗe akwatin wasiƙunsa sau biyu, ya ce wai takardar kuɗin gas yake jira. Ƙarya yake, kuma yana ba ni tausayi.

A shekarar 2000 ya shigo shago yana ƙafafa.

"Lyle, sun so kama ni! Saƙo daga baƙon adireshi, da hoto maƙale, wai 'Ga wani yana son ganinka.' Cutar kwamfuta ce."

"Ka buɗe?"

"Ka ga alamar sakarai a goshina? Sau biyu ina gogewa. Na uku na ba su amsa: na san ko ku su waye, kada ku sake rubuto mini."

Nan take na gane Rhonda ce. Ni na ba ta adireshin imel ɗinsa a ɓoye, amma na kasa faɗa a gaban mutane.

Bayan sati wasiƙa ta zo mini daga Oregon. Hoton jariri ne, a baya Rhonda ta rubuta sunan ɗan nata, Vernon. Sai layi ɗaya: "Baba ya ce ya san ni, kada in sake. Na ji."

Na kai masa har ƙofa. Ya fara da hatimi yadda ya saba, ya karanta, ya daɗe yana kallon yaron.

"Wa ya ba ta adireshina?"

"Ni ne, tsohon banza."

"Ana haɗa irin wannan hoton a kwamfuta, ka sani."

"Kunnuwanka ne, Vernon. Wa zai ɓata lokaci ya haɗa su?"

Ya taɓa kunnensa. Ya juya ambulan gaba da baya yana nema. Rhonda ba ta sa adireshinta ba.