Fusena Ta Bar Mu a Tashar Jirgi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shanya kayan jikata aka bugo mini waya: Fusena ta rasu.

Fusena 'yar zangon Kumasi ce, tana girki a wani gida a unguwar Garrafa, nan Doha. Ni kuwa jego ya kawo ni Doha wurin ɗana, na lafe. A masallaci muka haɗu, ta ga ina ɗingishi ta ɗauko mini kujera.

Duk Juma'a, ranar hutunta, sai ta zo mana unguwarmu ta Sumama da wake da shinkafa a kula. Mu kunna tsofaffin finafinan Ingila, baƙi da fari, inda ɗan masu gida ke mutuwar son mai wanki. Turancina bai wuce "gud monin" ba, ita ke fassara mini.

Bature ya cire malafa, sai ta ce, "Ya ce ina wuni, ya mutanen gida?"

Wata rana surukata ta raɗa mini, "Mama, wallahi ba haka suke cewa ba." Na ce na sani, 'yar nan. Nata ya fi daɗi.

Ina tsokanarta: tsohuwa da ke, har da hawaye kan soyayyar Turawa? Ta ce, "Hajiya, babana attajirin goro ne, direbansa na aura. Shekara talatin muna tare har ya rasu, ban yi nadama ba."

Juma'ar da ta wuce mun kai inda mai wankin ke tsaye a tasha da akwatinta, hazo ya rufe ko'ina, saurayin yana cikin jirgi da danginsa. Sai motar kafil ɗinta, wato mai gidan da take wa aiki, ta yi hon. Ta miƙe tana neman takalmi.

"Kar ki ƙarasa ba da ni ba. In ba ni na fassara ba, ba zai sauko ba."

Ɗazu ɗana ya ce ko ya kunna mini in ga ƙarshen. Na ce ajiye rimot, Dakta, alkawari ne. Yarinyar fim ɗin ta jira, ni ma ina jira.

Wanda ya san ƙarshen kada ya kuskura ya rubuta mini a kwament.

Allah Ya jiƙan Fusena, Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da direbanta a Aljanna. In ka karanto har nan, ka yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku.