Ranar da Baba Ya Tsaga Salkuna

Har yau ban yafe wa mutumin da ya sa hannu aka sayo wa sojojin raƙuma bido, jarkar ruwa ta ƙarfe, ba. Ban san sunansa ba, ban taɓa ganin fuskarsa ba. An ce yana zaune a wani biro, wato ofis, mai nisa, inda ruwa ke fitowa daga jikin bango. Harajin iyayenmu ya ɗiba ya sayi abin da ke dafa ruwa da tsakar rana, kuma ƙanena yana cikin waɗanda aka ce su sha.

Ni ƴar Dakusa ce, aure ya kawo ni Damagaram, gidan majema a gefen Birni. Lokacin saura ƴan shekaru Nasara su sauke tutarsu. Lakwal kam ban shige ta ba sai da na aurar da ƴata ta fari, na zauna ajin manya da furfura a kaina. Saboda haka abin da zan faɗa ba a takarda na karanta shi ba, a tsakar gidanmu aka yi shi, ruwan ma har ƙofar madafata ya zo.

Sana'ar gidan salka ce. Akan zare fatar akuya ta wuya ba a tsaga cikinta ba, a jeme ta cikin ruwan bagaruwa har ya ratsa ta, a shafe ta da mai, a ɗaure ƙafafun. Salkar kirki tana ƴar zufa, iska na bugun ta, ruwan ciki na sanyi. Da can bariki wurinmu suke saye kai tsaye. Wani sarjan zai zo ya zauna bisa tabarma a zauren surukina, wanda duk muke ce wa Baba. Kuma akwai al'adar da ba a tsallakewa a gidan: sabuwar salka sai an cika ta an rataye, wanda ya jeme ta ya fara sha a gaban mai saye. In bai sha ba, ba ta fita.

Sai ga kamiyo, babbar mota, cike da bido. Aka ce zamani ya zo, fata ta ƙauyawa ce. Ba a je ko'ina ba ƙarfen ya goge wa raƙuma haƙarƙari har ya yi gyambo, ruwan ciki ya zama na wankan jego, in raƙumi ya durƙusa da ƙarfi ɗinkin bidon ya buɗe. Aka dawo da su aka jibge bayan bariki. Mu mata da ke neman abin zuba ruwa ba a ba mu ko ɗaya ba. Soja aka sa yana gadin su da bindiga suna tsatsa, har bayan ƴancin kai suna nan.

Da tafiyar sojojin zuwa arewa cikin hamada ta matso, bariki suka tuna da salka. Amma maimakon su zo zaure kamar da, sai aka ba wani Alhaji na Zongo kwangila, mutumin da gishiri da atamfa ya sani, sai kuma gidan tafintan bariki. Ina bayan katanga ina tankaɗe lokacin da ya zo.

"Kafin wata ya mutu nake so," in ji shi.

Baba ya ce, "Alhaji, bagaruwa ba ta san wata ya mutu ba. Sai ta gama shiga."

"To a ƙara mata yawa mana!"

"In ka ƙara wa tuwo wuta, ƙonewa yake yi ko nuna?"

Alhaji ya yi dariya ya ce tsofaffi dai sai a bar su da maganarsu. Suka rabu ba a ƙulla komai ba. Kwana kaɗan aka aiko wan Baba ya rasu a Damagaram Takaya, ya tafi, zaman makoki da rabon gado suka riƙe shi. Yana juya baya Alhaji ya dawo wurin maigidana da ƙanensa. Daminar shekarar ba ta yi kyau ba, rumbunmu ana jin ƙasansa. Suka karɓa.

Ni na daka bagaruwar nan har tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Ni da Inna, matar Baba, muka yi ta jigilar ruwa. Aka riƙa tsamo fatu tun ba su kai ba, a shafe su da mai su yi ƙyalli. A ido kam sun yi kyau. Ranar Juma'a ƙanena ya zo gaishe ni da jar hularsa, ya tsaya yana kallon su rataye a tsamiya.

"Yaya, ashe ruwanki zan sha har arewa?"

"Kai dai ka sha ka gode. Da can wa ke ɗauko maka daga rijiya, in ba ni ba?"

Ya ce salkunan kawai ake jira su tashi. Na ji daɗi har cikin raina, aikin hannuna zai raka ɗan'uwana.

Ana gobe za a kai kaya, Baba ya dawo da la'asar. Ko rawaninsa bai warware ba. Ya dubi tsamiya, ya dubi ƴaƴansa, ya ce a ba shi ƙoƙo. Ya kwance bakin salka ɗaya ya tsiyaya, ya kurɓa, ya riƙe ruwan a baki kamar mai sauraron wani abu, sannan ya tofar. Ya zaro wuƙarsa ya yanko ɗan gefen wuyan fatar ya ɗaga wa rana. Tsakiyar yankan fari ne fat kamar zare, bagaruwa ba ta kai can ba. Ya gwada ta biyu, ya gwada ta uku.

Daga nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana soka wuƙa yana ja ƙasa. Ruwa ya riƙa faɗuwa tim, tim, ya malale tsakar gida, kaji suna gudu. Maigidana, ƙato mai ƴaƴa, yana tsaye hannu a ƙirji ya kasa motsi.

A gidanmu suruka ba ta ɗaga ido ta dubi surukinta, balle ta yi masa magana. In ya shigo, ɗaki nake shigewa. Ran nan na fito da muciya a hannu.

"Baba, hannuna ne kake tsagawa! Ka dubi hannuna! Me yaran gidan nan za su ci, fata?"

Inna ta dafe ƙirji tana salati. Baba bai juyo ba. Ya riƙe kunyar da ni na yar, ya yi magana da matarsa.

"Ki ba ƴar nan ƙoƙon ta sha."

Na sha. Gaskiya ɗan ƙarni ne kawai, wanda in kana jin ƙishi ba za ka kula ba. Na faɗi hakan da ƙarfi.

"Ki gaya mata yau kam ba komai. Ta bari salkar ta kwana biyu bisa raƙumi cikin rana. Ruwan zai fara wari, fatar ta yi laushi, wata safiya a taɓa ta ta rabe. Inda za su, tsakanin rijiya da rijiya tafiyar kwanaki ce. Wanda salkarsa ta ruɓe a can ba ya dawowa ya kai ƙara."

Sai jar hular ƙanena ta faɗo mini a rai. Na ajiye muciya. Baba ya ƙarasa ta ƙarshe, ya goge wuƙarsa a gefen riga.

Kafin magariba labari ya kai Zongo. Alhaji ya shigo har tsakar gida ba sallama, yana ɗage riga kada ta taɓa caɓi.

"Tsoho, makokin ne ya taɓa maka kai? Nasara ƙirgawa yake yi, ba ya ɗanɗanawa!"

"Ai ba Nasaran zai sha ba, Alhaji. Ƴaƴan mutane ne."

"Wa zai san daga gidanka ta fito?"

"Ni."

Alhaji ya rantse ba za mu ƙara ganin aikin bariki ba, kuma ya cika alkawari. Shekarar nan kunu muka sha da rana, Inna ta sayar da tasoshinta. Ban taɓa jin Baba ya ambaci maganar ba har ya koma ga Allah, bai kuma goranta wa ƴaƴansa ba. Na rayu na ga namu sun hau kujerun Nasara, na ga an sayo motocin da ba su taɓa tashi ba, ana ta gardama a rediyo kan wa ya ci me. Ban ƙara ganin wanda ya ɗauki wuƙa ya tsaga nasa da kansa ba, alhali babu mai tuhumar sa.

Amma a ran nan, da Alhaji zai fita, ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce ba gidanmu kaɗai ya ba aikin ba, sauran ma sun gama a kan lokaci, da nasu zai cike. Na san yadda aka gama su, bagaruwa ɗaya ce a garin nan.

Baba ya yi alwala ya tafi masallaci. Da ya dawo ya sauko da tsohuwar salkarsa daga bangon zaure, wadda ya yi fatauci da ita tun yana saurayi, baƙa wuluk, mai laushi kamar kunnen ɗan akuya. Ya zauna ya shafe ta da mai, ya duba ɗaurin ƙafafun, ya ajiye ta a ƙofar ɗakina ya wuce. Bai ce ta wane ce ba.

Salka ɗaya ta ishi ƙanena. Sauran sojojin kuma suna da yayye, sai dai nasu ba su san abin da na sani ba.

Da safe ban nemi izinin kowa ba. Na yafa zane, na saɓa salkar a kafaɗa, na ɗauki ƙoƙon Baba da wuƙarsa daga inda ya bar su, a fili, kusa da randa. Na bi ta kasuwa har ƙofar bariki, na iske jakunan Alhaji sun riga ni isa da kaya. Mai gadi ya gitta mini bindiga ya ce mata ba sa shiga.

Na ce, "To ba sai na shiga ba. Kira mini ƙanena, ka kuma kira mini sarjan ɗin da ke zuwa zaurenmu da. Ka ce masa surukar majemi ce, ta kawo ƙoƙo. Kafin a sauke salka ɗaya daga jakin nan, a yanka wuyanta a duba, wanda ya kawo ta kuma ya fara sha."

Na shimfiɗa gefen zanena a ƙasa, na zauna a tsakiyar hanyar jakunan.