Tsakanin giwa da ɗanta

Jama'a, yau daga garin Wheaton, nan ƙasar waje, na ba direba umarni a dajin Kenya!

Ina zaune cikin tasin da nake tuƙawa ina karin kumallo, sai ga kiran bidiyo daga Hadiza, 'yata likitar nan da ke ganin ban san komai ba. Wai sun je kallon namun daji.

Ta ce, "Baba, dubi jaririn giwa!"

Na duba. Ɗan yana dama da motarsu yana wasa da hanci. Uwar tana hagu. Ta daina ci, ta ɗaga kai, ta tsaya cik.

Ni fa a gefen dajin Yankari na girma. Sau uku giwaye suna cinye mana gona.

Na ce, "Ke, kun shiga tsakaninsu. Ce wa direba ya ja baya a hankali. Kada kowa ya yi ihu."

Ta ce, "Baba, aikinsa ne fa."

Na ce, "Hadiza!"

Ta faɗa masa. Ya waiga, ya ja baya. Wallahi daidai inda suka tashi uwar ta ratsa, ta tasa ɗanta gaba, suka wuce.

Can ta ce, "Baba, kada ka kashe tukuna. Akwai wasu a gaba."

Na ce, "To riƙe wayar da kyau."