Ranar da na yi wa ruwan Ladji noma

Sau nawa kwale-kwalen nan ya juya da ni wuri ɗaya, Allah kaɗai ya sani.

Ruwa ya ci unguwar Ladji, yayata Hajiya Rabi na can kwance, ni kuma na taso daga Zongo da maganinta. Maƙwabcinta Baba Sosu, tsohon masunci, ya ji ciwo a hannu, sai ya miƙo mini filafilin tuƙi, ya zauna a baya.

Ni ɗan manomi ne. Na dinga saran ruwa ta gefe ɗaya kamar na riƙe fartanya.

Baba ya yi dariya ya ce, "Alhaji, gero za ka shuka? Tsoma shi a hankali kusa da ƙafarka, ka ja da ƙugu, ba da damtse ba. Dama, sannan hagu."

Na gwada. Wallahi sai ga mu muna tafiya sak!

Hajiya ta hango ni ta taga, ta ce, "Kai da ko a rijiya ba ka leƙawa?" Rabon da in ji dariyarta tun kafin ta kwanta.

Ku fa, me kuka koya da furfura a gemu?