Sikelin Baba Awo

Shekara talatin da biyu Baba Awo ya yi a gidan waya yana auna ƙunshin saƙonnin mutane. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, shi kuma ya ba kansa ƙaramin sikelin hannu mai ƙugiya, wanda ya rantse ofis ya daɗe da yafe shi. Sati biyu ya zauna a gida yana koya wa matarsa, Inna, yadda ake ninke tawul. A na uku ta miƙa masa kwandon cefane, ta nuna masa ƙofa.

To, aiki ya samu! Ya riƙe cefane kamar an naɗa shi minista. Ya san mai tumatir ɗin da ke saukowa in rana ta take, ya san ranar da motar albasa ke sauke kaya. Zai taka daga wannan bakin kasuwa zuwa wancan saboda ragin da bai kai kuɗin ashana ba. Ya taɓa sayo buhun albasa don ta yi araha, ta ruɓe a ƙarƙashin gado, wata guda ɗakin ba ya shiguwa.

Amma babban makaminsa sikelin nan ne. A wurinsa duk ɗan kasuwa ɓarawo ne, sai ƙugiya ta wanke shi. Da farko an sha rigima, mahauci har ya ce in ya sake ganin ƙarfen nan a kan teburinsa zai haɗa shi da ƙashi ya sare. Sai kwatsam kowa ya sauko. Tun daga nesa ake kiransa: "Baba Awo, kawo naka, naka ne mai gaskiya!" Ya dawo gida yana hura hanci.

"Na gyara musu zama," in ji shi.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," in ji Inna, tana leƙa ledar naman.

Shekara shida ana haka, sai matar ɗansa ta zo da sabon salo. Ta ce a bar wahalar da tsoho, za ta riƙa yin odar kaya ta waya daga babban kanti, a kawo har ƙofa. Baba Awo ya dubi kwandonsa. In aka karɓe kwandon nan, me ya rage masa? Kujera da agogon bango. Ya ji tsoro ƙwarai, amma sai ya fitar da shi a matsayin faɗa.

"Kanti? Ai su ne manyan ɓarayi, 'yata. Kawo sukarin da kika sayo, ki sha kallo."

Ta kawo, a rufe, an rubuta kilo ɗaya. Ya rataya shi a ƙugiya a gaban kowa. Allura ta wuce ɗaya, ta je ta tsaya a ɗaya da kwata.

"Sun yi kuskure, sun cika," ya ce.

"Baba, ku gwada shinkafar ma."

Kilo biyu ta zama biyu da rabi. Gishiri ma ya yi ƙiba. Ashe wayar cikin sikelin ta daɗe da saki. Shekara shida yana biyan kuɗin kilo yana ɗauko abin da bai kai ba, kuma shi da hannunsa yake riƙe wa 'yan kasuwa ƙugiyar. Shi ya sa mahauci ke tambayarsa lafiyar gwiwa!

Kwana uku bai fita ba. Bai yi faɗa ba, bai ma duba yadda aka ninke tawul ba. Yana zaune yana kallon agogon bango, kunya na cin sa. Wannan shirun ne ya tayar wa Inna da hankali. Da safiyar na huɗu ta dire masa kwando a kan cinya, sikelin na ciki.

"Kin ga abin da ya faru ai," ya ce, bai ɗago ba.

"Malam, ni da ke dafa naman? Tukunyata ta gaya mini tun watan farko."

"Kika yi shiru?"

"Kwatan kilo nake bayarwa, in samu awa uku babu mai koya mini girki. Wallahi ban taɓa sayen abu mai araha irinsa ba." Ta gyara masa wuyan riga, muryarta ta ɗan sauka. "Kuma kana dawowa da fara'a. Zaman nan kashe mini kai zai yi. Na gaya wa yarinyar ta yi odar sabulu kawai."

Baba Awo ya daɗe yana kallon kwandon. Ya ciro sikelin, ya juya shi, ya rataye shi a ƙusar da ke ƙasan agogo. Sannan ya sa takalmi.

"Mahaucin nan zai ji daga gare ni yau," ya ce daga bakin ƙofa.

"Ka ɗauki lokacinka, Malam," in ji Inna. "Kada ka yi gaggawar dawowa."